Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Saita Windows 11 a Kwamfutar Tebur

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne rashin adana mabuɗin BitLocker, tsarin da Windows ke kulle rumbun ajiya da shi. Tun daga sigar 24H2, idan aka ɗora Windows 11 sabuwa aka shiga da asusun Microsoft, sau da yawa takan kulle rumbun ajiya da kanta ba tare da ta tambaya ba. Mai kwamfuta ba zai ankara ba sai ranar da aka canja madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai) ko aka taɓa saitin BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows), allo ya koma shuɗi yana neman lambobi 48, wato mabuɗin. A nan mai gyara ba shi da wata dabara. Mabuɗin yana cikin asusun da aka yi saitin da shi, kuma idan a shago aka yi saitin, yana iya zama imel ɗin mai shago ne, ba naka ba. Tun kafin hakan ta faru, buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni ta Windows) da ikon admin, ka rubuta manage-bde -protectors -get C: sai lambobin su bayyana. Kwafe su a takarda, ka ajiye ta nesa da kwamfutar.

Sai masu ganin Shut down ya kashe komai. Muddin Fast Startup, saitin da ke hanzarta tashin kwamfuta, na kunne, Windows tana adana wani ɓangare na ƙwaƙwalwarta ne ta dawo da shi, don haka matsalar firinta ko ta sauti takan biyo ka washegari. Restart ne ke wanke ta. Wanda ke son a kashe gaba ɗaya ya shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ya danna Change settings that are currently unavailable, ya cire alamar da ke kan Turn on fast startup.

Idan da hotspot na waya kake hawa intanet, kunna Metered connection a cikin bayanan wannan Wi-Fi ɗin, in ba haka ba sabuntawa za ta cinye datar wata a dare guda. Amma kada ka dakatar da sabuntawar har abada. Kuma kada ka fara ta a kwamfutar tebur babu UPS (na'urar da ke riƙe wuta idan an ɗauke), domin ba ta da batir. Ɗauke wuta a tsakiyar aikin na iya hana ta tashi.

Burauza na ƙin buɗe shafuka tana kukan tsaro? Duba agogon kwamfutar tukuna, domin kuskuren kwanan wata na jawo hakan. A Najeriya da Nijar, yankin lokaci West Central Africa ne, UTC+01:00. Idan kwanan wata na komawa baya duk lokacin da aka cire wuta, ƙaramin batirin madabod ne ya mutu, samfurin CR2032, a sa sabo.