Ga sababbin zuwa Roma: bishop ba ya raba takardar zama

Ƙannena da kuka iso Roma a 'yan watannin nan, sannunku da hanya. Makon jiya na tarar da uku daga cikinku a bakin tashar Termini kuna haɗa kuɗi, wai za a kai ku gaban wani babban fada ya sa muku hannu a takarda. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ramin da na faɗa ke nan shekarar da na zo, kuma har yau da sauran zafinsa a zuciyata.

Abinci da wurin kwana na 'yan kwanaki ba su ne matsalarku ba. Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, na da gidan cin abinci a Colle Oppio da masauki a gefen Termini. Centro Astalli, da aka buɗe a 1981, na karɓar 'yan gudun hijira. Sant'Egidio a Trastevere na koyar da Italiyanci kyauta. Ba mai tambayar addininka kafin ya zuba maka. In ba ka cin alade, faɗa kawai. Juma'a kuwa ga babban masallacin da aka buɗe a 1995.

Tunda kusan duk wannan taimako daga hannun cocin Katolika yake fitowa, ya kamata ku san wane ne wane. Fada na unguwa ana kiransa Don, a haɗa da sunansa. Sama da shi akwai bishop, mai 'yar hula da ɗamara shunayya, shi ke riƙe da dukan cocin yankinsa. Ana ce masa Eccellenza. Mai jar hula shi ne kadinal, Eminenza, irin su John Onaiyekan namu na Abuja da ya samu muƙamin a 2012. Su ne masu zaɓen Fafaroma, amma wanda ya cika shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a, bishop kuma yana cika 75 zai miƙa takardar ajiye aiki. Monsinyore sau da yawa laƙabin girmamawa ne da ake ba fada, ba lallai bishop ne ba, kuma da wannan kalmar ake yawan damfarar mutanenmu. Wasu 'yan Katolika kan sumbaci zoben bishop. Kai ba dolenka ba ne. Miƙa hannu, ka ɗan rusuna, ya wadatar. Kada ka zube ƙasa kamar a fadar sarki, nauyi kake ɗora masa.

Mun taho da tunanin gida, inda duk mai babbar kujera yake da aljihun rabo da ɗan katin da ke buɗe ƙofa. A nan albashi suke ci. Tun bayan yarjejeniyar da Italiya ta sabunta da Batikan a 1984, babban kaso na albashin fada da bishop daga kashi 8 cikin 1,000 na harajin kuɗin shiga yake fitowa, wanda mai biyan haraji ke zaɓar inda za a kai. Sabon fada na samun wajen yuro 1,000 a wata, bishop bai kai 2,000 ba. Kadinal mai aiki a Batikan ne a da ke samun kimanin 5,000, shi ma a 2021 Fafaroma Francis ya zaftare masa kashi 10 cikin 100, a 2023 kuma ya soke rangwamen hayar gida. Kuɗin dayosis kuwa, wato yankin bishop, akwai ma'aji da kwamiti a kansu. Don haka in kun tare bishop bayan taro kuna roƙon kuɗin haya, ofishin Caritas zai nuna muku.

Yanzu ga inda ya fi ciwo. Takardar zama, permesso, daga Kwestura take fitowa, wato ofishin 'yan sanda. Hukuma ce ta gwamnati, ba ruwanta da coci. Ni ban san haka ba. Wani ɗan'uwa mai jin harshenmu, wanda muka yi sallah sahu ɗaya da shi, ya ce ya san wani monsinyore, wasiƙarsa ɗaya ta gama komai. Na ba shi yuro 600, kuɗin da yayata ta sayar da shanunta biyu ta aiko min. Ya kawo min takarda mai hatimi shuɗi. Na sa ta a leda, na riƙa kwana da ita a ƙirji wata huɗu. Ranar da layi ya zo kaina, ma'aikacin ya dube ta, ya turo min ita ta ƙarƙashin gilashi, ya tambaye ni abu ɗaya: ina kake kwana, ina shaidar mai masaukinka?

Ba ni da ita. Gado nake haya a ɗakin mutum biyar, ba kwantaragi, ba rasit. Doka ta ce duk wanda ya sauki baƙo daga wajen Tarayyar Turai ya sanar da 'yan sanda a rubuce cikin awa 48, ita ce ospitalità. Mai gidan ya ƙi rubutawa, don shi ma a ɓoye yake cin hayar. Na roƙe shi har da hawaye, ya ce in ban ji daɗi ba ga ƙofa. Wannan 'yar takarda, wadda ba a biyan ko sisi a kanta, ita nake bukata tun farko.

Wata tsohuwa ce ta cece ni, 'yar sa kai a ɗakin sauraron koke na cocin unguwarmu, centro di ascolto. Ta sa tabarau ta karanta wasiƙata, ta kira Don ya gani. Ya girgiza kai ya ce ba su da hatimi irin wannan. Ranar ta haɗa ni da lauya kyauta, ta samo min gado a wurin da ake ba da adireshi na gaskiya.

Ina alfahari da jama'armu a garin nan. 'Yan Nijar, 'yan zangon Gana da mu 'yan Najeriya mun yi suna wajen amana, mukan haɗa hannu mu yi jana'izar wanda bai da kowa. Akwai kuma fadoji 'yan Arewa masu karatu a jami'ar Urbaniana, suna jin Hausa rangaɗaɗau, za su karanta muku takarda da zuciya ɗaya. Ɗalibai ne dai, kada ku ɗora musu abin da ba sa iyawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne sabon zuwa ya ƙi jin na gaba da shi, ya bi mai daɗin baki.

Kafin ku ba kowa kuɗin gado, ku tambaye shi ko zai rubuta ospitalità. In ya yi ƙwauron baki, ku nemi wani. Ku ukun nan na Termini, ku riƙe kuɗinku, ku zo da duk takardun da ke hannunku da hotuna huɗu ranar Talata da safe, ni zan raka ku ɗakin sauraron.