Kurakuran da aka fi yi wajen sayen tsohuwar jita ta katako

Da yawa suna ɗauka tsufa kaɗai shi ne kuɗi. Yamaha FG-180 mai jan tambari, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1966, tana da daɗin murya, amma katakonta falle-falle ne aka manne, kuma an yi ta da yawa. Ba ta kama ƙafar Martin D-28 ta zamaninta ba a farashi. Ita kanta D-28 ɗin, shekara guda tana raba kuɗinta: har zuwa 1969 da katakon rozwud na Brazil ake yin bayanta da gefunanta, daga nan aka koma na Indiya. Don haka kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa. Haska tocila ta ramin jitar, za ka ga lambar Martin a buge jikin kututturen da wuya ya shiga, kuma tun 1898 lambobin a jere suke, kowace da shekararta. Gibson kuwa ta maimaita lambobi a shekarun 1960, sai an haɗa da wasu alamu.

Kuskuren da ya fi cin aljihu shi ne ƙin duba wuya. Tsirkiya shida na ƙarfe suna jan jita dare da rana, shekara hamsin, har wuyan ya ɗago, tsirkiyoyin su yi nisa da ƙarafunan da ake dannawa. Wani mai gyara, maimakon ya yi aikin da ya dace, sai ya goge ɗan ƙashin da ke kan jakin jitar, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa a fuskarta, har ya kusa ɓacewa, wani ma ya fere jakin kansa. Ka ɗauka ka kaɗa, ka ji laushi a yatsa, ka biya. Alhali an rufe ciwo ne kawai. Ɗora doguwar rula a kan ƙarafunan wuya, ka tura ta zuwa jaki. In ta sauka daidai saman katakon jakin, lafiya. In ta doki ƙasa da haka sosai, sai an cire wuyan an sake zaunar da shi, aikin ɗaruruwan daloli. Kuma ka tuna, kafin 1985 jitocin Martin ba su da ƙarfen cikin wuya da ake juyawa a miƙar da shi.

Sai ruɗin sheƙi. Tsohon fenti yakan yi 'yan tsage-tsage sirara kamar na tsohon tangaran, kuma wannan ba aibi ba ne, masu tara jita shi suke so. Wadda aka kankare aka sake wa fenti takan rasa kusan rabin darajarta. Ni dai in na ga jitar shekara sittin tana walƙiya kamar sabuwa, nan nake ƙara tsayawa.

Ciki ma a leƙa. Saka ƙaramin madubi ka duba sandunan da suka tokare fuskar jitar, ka ƙwanƙwasa da yatsa a hankali. In ka ji kaɗawa kamar ta fasasshiyar ƙwarya, wata ta saki gam. Tsagar da aka ɗinke da kyau ba ta hana saye, ragi ake nema a kanta. Karyewar kan wuya, can inda ake ɗaure tsirkiya, wadda ta yi yawa a Gibson, ita ce mai zubar da farashi sosai.

Tun 1992 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirrai masu barazanar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sa rozwud na Brazil cikin mafi tsananin kariya, saboda haka jitar da ke da shi ba ta tsallaka iyaka sai da takardu. Nemi su kafin ka biya. In kuma Kano ko Damagaram za ta zo, katakon yana son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan faɗi ƙasa da haka nesa. Ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai damshi a cikin roba mai huji, ka riƙa jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku.