Darasi na Tara: Rigimar Mai Saye da Mai Sayarwa a Intanet

Wanda ya je saye da ƙafarsa yana ɗaukar kaya ya jujjuya, ya duba ciki da waje kafin ya zaro kuɗi. A intanet babu wannan dama. Hoto kake gani da 'yan layukan rubutu a ƙarƙashinsa, ka biya, sai bayan kwanaki kaya su iso. Cinikin biri a sama ke nan. Shi ya sa yawancin rigimar da ake yi ba ta wuce magana biyu: mai saye ya ce ba abin da aka nuna masa ba ne, mai sayarwa ya ce lafiya lau ya aiko.

Wanda zai raba gardamar, ko ma'aikacin dandalin da aka yi cinikin ne ko na banki, bai san ku ba, bai kuma taɓa kayan ba. Rantsuwa ba ta isa wurinsa. Abin da aka rubuta da abin da aka ɗauka a hoto kafin biya da bayan isowa, su yake dubawa.

Me aka rubuta a tallan?

Manyan dandalai suna sa mai sayarwa ya zaɓi matsayin kayansa. A eBay, alal misali, ana iya sa kayan lantarki a matsayin sabo, ko wanda aka buɗe kwalinsa amma ba a yi amfani da shi ba, ko wanda aka gyara aka sabunta, ko na hannu, ko wanda ba ya aiki sai dai a ciri kayan gyara a jikinsa. Sabon kaya da matacce ba su cika jawo faɗa ba. Na hannu ne gidan rigima, domin kowa da ma'auninsa. Wayar da mai ita yake ganin "kamar sabuwa" ce, mai saye zai iya ganin ta sha jiki.

"Tsaf take", "ba ta da matsala", "sai ka gani", duk daɗin baki ne, ba sa auna komai. Kwatanta su da wannan: "Akwai ƙarce biyu a bayanta, na nuna su a hoto na huɗu. An taɓa canza gilashin. Lafiyar batir kashi 82 cikin 100. Babu caja." Mai wannan rubutu zai iya rasa wasu masu saye, amma wanda ya saya ba shi da bakin ƙorafi a kan ƙarce ko caja.

Faɗin aibu ba ya kashe ciniki kamar yadda ake tsoro. A 1995, Pierre Omidyar, wanda ya kafa eBay, ya sa wata 'yar tocilar leza ta nuni a shafinsa, ya kuma bayyana cewa ta lalace. Wani ya saye ta a kan dala 14.83. Omidyar ya tuntuɓe shi ya tambaya ko ya fahimci ba ta aiki, mutumin ya nuna ya sani, haka yake son ta.

Kai mai saye, kafin ka biya ka ɗauki hoton tallan da wayarka, rubutun da hotunan duka. Talla tana iya canzawa ko ta ɓace bayan ciniki. Duk tambayar da za ka yi, ka yi ta a rubuce a cikin manhajar. Abin da aka faɗa maka a kiran waya ya bi iska.

Mayar da kaya iri biyu ne

A nan mutane suka fi ruɗewa, saboda haka a karanta a hankali.

Iri na farko: kaya sun saɓa wa bayanin da aka yi. An ce suna aiki, ba sa aiki. An ce na asali ne, jabu ne. An nuna baƙi, fari ya zo. Ko sun fashe a hanya. Laifin ba na mai saye ba ne, kuma a yawancin dandalai mai sayarwa ne zai ɗauki kuɗin mayarwa. A eBay, ko da ya rubuta "ba a dawo da kaya", wannan rubutu ba ya kare shi idan kayan sun saɓa wa bayaninsa.

Iri na biyu: kaya sun zo daidai, mai saye ne ya canza ra'ayi. Rigar ta yi masa kaɗan alhali an rubuta awonta, ko ya ga mai rahusa a wani wuri, ko launin bai burge shi ba da ya gani da ido. A nan sai abin da sharaɗin mai sayarwa ko dokar ƙasa ta ce, kuma galibi mai saye ne zai biya kuɗin aikawa.

Wasu sukan canza ra'ayi, sai su danna "ba kamar yadda aka bayyana ba" don su tsira daga kuɗin aikawa. Wannan zalunci ne, kuma dandalai suna lura da mai yawan yin haka, har su rufe masa asusu.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Tarayyar Turai, wata doka ta 2011 ta ba wanda ya sayi kaya a intanet daga hannun ɗan kasuwa kwana 14 daga ranar da suka iso ya mayar, ba sai ya faɗi dalili ba. An cire wasu kaya daga ciki, kamar abin da aka ƙera musamman dominka da abin da ke saurin ruɓewa. Ban da wannan, akwai garantin shekara 2 idan kaya suna da aibu. A Birtaniya, dokar 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya ƙi kaya masu aibu a mayar masa da kuɗinsa cif. Sai dai a kula, waɗannan dokoki sun fi ƙarfi a kan 'yan kasuwa da kamfanoni. Idan daga hannun mutum ka saya, wanda yake sayar da tsohon kayansa, kariyarka ta ragu ƙwarai. Ƙasashe da yawa suna da hukumar kare haƙƙin masu saye. Ka nemi sanin ta ƙasarka da wa'adin da dokarta ta yanka.

Wa'adi

Mutum yana da gaskiya ya rasa kuɗinsa saboda ya makara. A eBay, mai saye yana da kwana 30 bayan isowar kaya ya kai ƙorafi, mai sayarwa kuma yana da kwana 3 na aiki ya ba da amsa, daga nan sai a nemi kamfanin ya shiga tsakani. A Vinted, dandalin da aka fi sani da sayar da tufafi na hannu, kwana 2 ne kacal. Idan suka wuce, an saki kuɗi ga mai kaya. A PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, idan ka buɗe ƙorafi ba ku daidaita ba, kwana 20 gare ka ka ɗaga shi zuwa gaban kamfanin, in ba haka ba ya rufe.

Akwai dabarar da ake yi da wannan. Mai sayarwa ya ce, "Yi haƙuri, ina kan hanya, zan duba gobe." Goben ta zama jibi, jibi ta zama gata, har wa'adi ya cika. Ka karɓi haƙurin, amma ka buɗe ƙorafin a manhaja tun yau. Kada kuma ka rufe shi don an yi maka alkawari. Sai kuɗi sun shigo ka gani.

Hanyar biya ma tana da nata tasiri. Idan aka ce ka fita daga dandalin ka tura kuɗi kai tsaye a rage maka, to kariyar dandalin ka sayar da wannan rangwamen. Haka kuɗin da aka tura a PayPal ta sashen 'yan'uwa da abokai, ba su da kariyar mai saye. Wanda ya biya da kati yana iya roƙon bankinsa ya janyo kuɗin, amma a bar wannan sai an gama da dandalin, domin wasu dandalai kan rufe ƙorafi da zarar banki ya shigo.

Karanta wannan misali

Wata mata ta sayi waya ta hannu. Da ɗan aike ya kawo, kafin ta yanke salatif ta kunna bidiyo. Ta nuna takardar adireshi da kusurwoyin kwalin huɗu, ta buɗe, ta kunna wayar, duk ba ta tsayar da ɗauka ba. Wani koren layi ya fito daga saman fuskar wayar har ƙasa. Ta rubuta:

"Sallama, Malam. Wayar ta iso yau. Akwai koren layi a fuskarta, kuma tallanka ya ce gilashin lafiya lau. Ga bidiyon buɗewa da hoton tallan. Ina so in mayar a ba ni kuɗina."

"Hajiya, wallahi lafiya na aiko ta. Ko dai ta faɗi a hannunki?"

"Malam, duba bidiyon. Kwalin a rufe yake, layin kuma ya fito tun kunnawar farko."

"Na gani. To ko in mayar miki da kashi ɗaya cikin huɗu, ki gyara a can?"

Lura da saƙonta na farko. Ta faɗi aibun, ta faɗi abin da tallan ya ce, ta kawo hujja, ta faɗi abin da take so. Ba ta kira shi ɓarawo ba. Mai yiwuwa ma gaskiya ya faɗa, a hanya wayar ta bugu. Duk da haka a yawancin dandalai nauyin na wanda ya aiko ne, shi zai bi kamfanin jigila. Tayin da ya yi mata ba laifi ba ne, amma kafin ta amsa sai ta tambayi mai gyara nawa gilashi zai ci. Idan ta karɓi rangwamen, magana ta ƙare.

Mai sayarwa ma ana cutarsa

Akwai mai saye da zai karɓi waya mai lafiya, ya mayar da tasa matacciya iri ɗaya. Akwai mai sa riga ya je taro da ita, sannan ya ce ba ta yi ba. Akwai mai mayar da kwali babu komai a ciki.

Maganin na farko lamba ce. Kowace waya tana da lambar IMEI mai alƙaluma 15. Danna *#06# za ta fito. Kwamfuta da kyamara su ma suna da lambar da kamfani ya buga a jikinsu. Ɗauki hoton lambar kafin ka aika. Ɗauki bidiyon kayan suna aiki, da lokacin da kake naɗe su. Ajiye rasit mai nuna nauyin kwalin da lambar bin diddiginsa, domin nauyi shi ke tona asirin kwalin da aka mayar wayam. Idan kaya suka dawo, kai ma ka buɗe a gaban kyamara.

Idan ƙorafin mai saye gaskiya ne, ka amsa da wuri ka karɓi kayanka. Jan magana yana jawo dandalin ya cire kuɗin da kansa, sannan a bar maka mummunan sharhi da kowane mai saye na gaba zai karanta.

Aikin yi

1. Wani ya sayi takalmi, an rubuta lambarsa daidai a talla, amma ya matse shi. Wane irin mayarwa ne wannan? Wa zai biya kuɗin aikawa?

2. Mai sayarwa ya ce ka rufe ƙorafinka tukuna, sannan ya turo kuɗi. Rubuta amsarka cikin layi biyu, da ladabi.

3. Danna *#06# a wayarka, ka kwafi lambar a littafinka, ka ƙirga alƙalumanta.

4. Zaɓi wani abu na hannu da kake da shi, ka rubuta tallansa cikin layi biyar, har da aibunsa. Ba na kusa da kai ya karanta, sannan ka nuna masa abin, ya faɗi abin da ka manta ba ka rubuta ba.