Kafin ku yaba fim ɗin Argungu, ku fara da kunne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu turo dokumentari kan bikin kamun kifi na Argungu suna tambayar ko ya yi kyau, ga yadda nake aunawa.

Nakan kife wayar in saurara na minti biyu, ban kallo. In na ji motsin ruwan kogin Matan Fada, inda ake bikin, da ƙarar gora, da muryar masunci tar, to an yi aiki. In kuwa kiɗa aka lafta har ya danne maganar dattijo, raina yakan ɓaci, don maganar nan muka zo ji.

Sannan ku lura da waɗanda aka ba dama suka yi magana. Fim kan Kabawa, mutanen Argungu, amma ba Sarkin Ruwa, ba mai riƙe da homa, wato ragar kamun kifi, sai mai sharhi kaɗai ke ta zuba? Da sauran aiki. Ku duba shekaru ma: a 1934 bikin ya soma, a 2016 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Wanda ya kuskure waɗannan bai yi bincike ba.