Yadda nake duba dutsen tomalin kafin in taya

Idan yaro ya dawo Katsina daga wajen haƙar ma'adinai ya kwance maka ƙulli ya ce tomalin ne, wato wani dutsen ado mai daraja, ɗan'uwa, kada ka yi saurin tayawa. Fitar da shi rana tukuna. Hasken hantsi ya fi, don fitilar shago tana ƙara wa dutse kyan da ba nasa ba.

Fara da siffa. Ɗanyen tomalin dogo ne, da zane-zane a tsaye a jikinsa, kansa kuma yakan yi kusurwa uku masu ɗan lanƙwasa. Juya shi ka leƙa ta kai, za ka ga launin ya fi duhu a kan yadda yake ta gefe. Kwalbar da aka rina don a yi jabunsa ba ta yin haka, kuma sau da yawa akwai ƙananan kumfa a cikinta. Taurinsa 7 zuwa 7.5 ne a ma'aunin Mohs na auna taurin duwatsu, yana kartar gilashi. Ka goga shi a riga ya ɗumama, sai ya ja toka ko ƙura.

Sai launi, a nan kuɗin suke. Baƙi shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma ba shi da tsada. Kore da ruwan hoda da ja suna da kasuwa idan sun yi garau. Akwai mai kama da kankana, ciki ja-ja, baya kore. Ni kam ina son wannan ƙwarai. Haska tocila ta bayansa ka nemi tsaga, domin mai yanka zai zubar da duk inda ya tsage, kai kuwa da nauyinsa ka biya. Da karat ake auna nauyin irin wannan dutse, giram ɗaya karat 5 ne.

Wanda ke ruɗa mutane shi ne Paraiba, shuɗi mai walƙiya, wanda jan ƙarfe ne ke ba shi wannan launi. A jihar Paraiba ta Brazil aka fara samunsa a ƙarshen shekarun 1980, daga baya aka samu a Najeriya da Mozambik. Ƙasarmu tana da tomalin a Oyo da Kwara da Nasarawa, amma shuɗi da yawa ba Paraiba ba ne, kuma ido ba ya tabbatar da jan ƙarfe. Duk wanda ya kira maka wannan suna, ka ce ku tafi tare wurin masu na'urar gwaji, a ba ku takarda, sannan a yi maganar farashi.