Darasi na Tara: Faɗan Iyaye da Lafiyar Yara

A unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra, da yawa daga cikinmu ɗaki ɗaya muke haya. Miji da mata da 'ya'ya, labule ne kawai tsakani. Idan maigida ya ɗaga hannu a kan matarsa da daddare, kada a ce yara sun yi barci. Ido kawai suka rufe.

Da safe abin yake bayyana. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Yarinya mai surutu ta yi tsit, a saya mata koko da ƙosai ta kasa ci. Ƙofa ta buga, ta zabura. A makaranta yaro yana gyangyaɗi domin bai runtsa ba, karatun jiya ya gudu. Sai a ce daƙiƙi ne, a ƙara masa bulala, alhali tsoro ne ya cika masa kai. Wani kuma yakan ɗora wa kansa laifin, ya ce, "Don na nemi kuɗin littafi ne Baba ya daki Mama." Yaron da ya taso yana ganin haka yakan ɗauka da duka ake raba gardama, ya fara gwadawa a kan ƙannensa. Mai ciki kuwa, duka yana iya jawo mata ɓari ko haihuwa kafin lokaci.

Maƙwabta sukan ce, "Tsakanin miji da mata sai Allah." To, amma yaron fa?

A Gana akwai dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, lambarta 732. Ta haɗa da duka, da zagi mai ci rai, da barazana, da hana kuɗin cefane da gangan. Ba lalle sai wadda aka daka ce za ta kai ƙara ba, maƙwabci ma yana iya kaiwa. 'Yan sanda suna da sashe na musamman mai suna DOVVSU. Can za su rubuta ƙarar, su ba da takardar zuwa asibiti, kotu kuma tana iya hana mai dukan kusantar matar da 'ya'yanta. Sasancin liman ko sarkin zango yana da amfani, amma idan an ji rauni, asibiti ne farko.

Idan faɗa ya tashi, a fitar da yara zuwa ɗakin maƙwabciya. A koya musu kada su shiga rabo. In ƙura ta lafa, ki zaunar da yaron ki ce, "Ɗana, ba laifinka ba ne." Kada a sa shi ya zaɓi gefe.

Aikin gida: rubuta sunan ofishin 'yan sanda mafi kusa da gidanku, da sunan mutum ɗaya da yaranku za su ruga wurinsa da daddare.