Yadda Ake Gano Shekarar Tsohon Hoton Birnin New York

Sau da yawa za ka ci karo da hoto baƙi da fari na wani titi a New York, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya ɗauka. Kada ka yi saurin cewa an rasa tarihinsa. Shaidar tana cikin hoton.

Fara da ɗaga ido sama. An gama ginin Flatiron, mai siffar dutsen guga, a 1902, Woolworth a 1913, Chrysler a 1930, Empire State kuma a 1931. Duk wanda ka hango a tsaye cikakke, to ya girmi hoton.

Sai ka nemi abin da yanzu babu shi. Nan ne na fi daɗewa, domin nan hoto ya fi magana. A da jiragen ƙasa suna bin gadojin ƙarfe a saman tituna, inuwarsu na zuba ƙasa layi-layi kamar zanen tabarma. An rufe layin Sixth Avenue a 1938, na Third Avenue kuwa ya kai 1955 a Manhattan, ɗaya daga cikin gundumomin birnin. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa mai suna Pennsylvania, wadda aka buɗe a 1910, an fara rushe ta a 1963, kuma har yau raina yakan sosu in na ga hotonta. Yanzu haɗa biyun: in ga Empire State, ga kuma jirgi yana wucewa a saman Sixth Avenue, hoton bai fita tsakanin 1931 da 1938 ba.

Daga nan sauko ƙasa. Ƙirga taurarin tutar Amurka in ta fito sosai. Mai 48 ta yi aiki daga 1912 zuwa 1959. Motoci ma shaida ne, amma dubi wadda ta fi sabunta, don tsohuwar mota takan yi shekaru tana yawo.

Abin da ya rage shi ne kwatantawa. Tsakanin 1939 da 1941 hukumar birnin ta ɗauki hoton kusan kowane gini saboda haraji. Wata mai ɗaukar hoto, Berenice Abbott, ita ma ta yi shekarun 1935 zuwa 1939 tana ɗaukar titunan, kuma Laburaren Jama'a na New York ya sa hotunanta a intanet. Jera naka da nasu, ka duba allunan shaguna: wane suna ya canza, wace ƙofa aka toshe.